Kalmar da Kawu ya ƙi zaɓa

Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri tun daga farko. Wasu abubuwan da zan faɗa sun haura shekara goma, kuma ban rubuta komai ba a lokacin da suke faruwa. Akwai maganganun da nake jin su a kunnena kamar jiya aka yi su, amma ba zan rantse cewa haka aka jera kalmominsu ba. Inda na gani da idona zan ce na gani, inda labari aka ba ni zan ce an ba ni.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a farkon sanyin bara a wani asibiti kusa da Saint-Denis, a gefen Paris. Kwana uku aka yi ana zaman makoki a gidansa da ke hawa na shida, takalma sun cika ƙofa har sun gangara matakala. Tsofaffin abokan aikinsa na kasuwar Rungis sun zo da sandunansu, suna hutawa a kowane hawa. Wata mata 'yar Tawa, wadda babu wanda ya santa a cikinmu, ta zauna kusa da Hajiya matar Kawu tana kuka fiye da dangi. Daga baya ta ce shi ya karɓo mata gawar mijinta daga hannun hukuma, lokacin da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci. 'Yarsa, wadda aka haifa a nan, tana raba shayi tana ce mini, "Mais qui sont tous ces gens? Su wane ne duk waɗannan mutanen? Baba bai taɓa ba mu labarinsu ba."

Sai dai akwai maganar da ta yi ta yawo daga baki zuwa baki a kwana ukun nan. Duk wanda ya gama addu'a sai ya sassauta murya ya ƙara da cewa, "Alhamdu lillahi, ya dai amsa kuskurensa kafin ya cika." Na ji ta a falo, na ji ta a matakala, na ji ta a maƙabarta. Sau ɗaya Hajiya ta ji, ta ɗago ta dube ni.

Saboda wannan maganar nake rubutun nan. Kawu bai amsa wani kuskure ba. Ni na ce ya amsa. Zan zo kan yadda aka yi, amma sai an san ko shi wane ne tukuna.

Daga Damagaram ya zo ƙasar nan tun ba a haife ni ba. Ya yi shekaru yana ɗaukar kwalayen kayan marmari a Rungis har bayansa ya ƙi. Karatun lakwal ɗinsa, wato boko, bai yi nisa ba, amma ba ya barin jarida ta wuce shi, ko wadda aka naɗe kifi da ita ce. Wata rana ya raka wani maƙwabcinsa wajen 'yan sanda ya yi masa tafinta, suka rubuta sunansa, suka riƙa kiransa. Daga baya ya yi rantsuwa a gaban alƙalai, aka sa shi cikin jerin tafintocin kotu. Lokacin da na zo karatu na sauka a gidansa, wannan ne aikinsa.

Yana da wasu kaye, littattafan rubutu masu baƙin bango, da yake tara kalmomi a ciki. Kowane shafi ya raba shi gida uku: Hausa, Faransanci, sai gida na uku da ya rubuta wa "amma" a sama. A nan yake rubuta inda fassarar ba ta zauna ba. Gidan "amma" ya fi sauran biyun cika, har yakan zarce bayan shafi. Ranar da zai je kotu ba ya cin goro. Ya ce ba ya son masu shari'a su tsaya kallon jan bakinsa su bar sauraron abin da ke fitowa daga ciki. Idan na kira shi a waya na gajarce gaisuwa sai ya ce, "Kai, jirgin metiro ne zai tafi ya bar ka? Koma baya. Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi. Yawwa. Yanzu faɗi damuwarka, na san da ita ka kira."

Da ita nake kira kuwa. Ni mutum ne mai yawan fargaba, kuma shi kaɗai ne ba ya yi mini dariya a kan haka.

Abin da aka fi saninsa da shi a cikin jama'armu shi ne sha'anin gawa. Idan mutum ya rasu a ɗaki, ba a asibiti ba, shi ake kira. Yana da jawabi guda da yake yi wa kowane sabon zuwa, har mun haddace. Yakan ce, "Idan kun tarar da ɗan'uwanku ya cika, ku yi salati, ku kira likita, ku ɗaure hannuwanku a baya. Kada ku miƙe shi, kada ku juya shi gabas, kada ku goge komai." Sai ya yi bayani. Likitan da zai zo yana da takardar da zai cika. Idan ya gamsu cewa ciwo ne ko tsufa, ya sa hannu, a ba ku gawarku. Idan ya ga abin da bai gane ba, akwai ɗan gurbi a takardar da zai yi wa alama, daga nan gawa ta fita daga hannun dangi ta koma hannun mai gabatar da ƙara na hukuma. Shi zai ce a kai ta wajen likitan shari'a a buɗe a duba. Idan likitan ya ga alamar hannun mutum a cikin mutuwar, sai a naɗa alƙali mai bincike, kuma magana tana iya kaiwa babbar kotu, inda mutanen gari suke zama tare da alƙalai su yanke.

"Mu idan an tambaye mu me ya kashe wane," in ji shi, "sai mu ce kwana ya ƙare. Su ma ba su musa ba. Tambayarsu ita ce, ta ina ya ƙare?"

Wannan ya sha haɗa shi da malamai. Na taɓa ganin wani malami ya tare shi a ƙofar masallaci yana cewa, "Kai ne kake lallashin mutane su yarda a farke Musulmi kamar rago." Kawu ya ce, "Malam, ba yardarsu ake nema ba, ni dai ina faɗa musu don kada su je su yi rigimar da za ta ƙara wa gawa kwana. Ni ma ba na so. Kai ka taɓa wanke wanda aka buɗe? Ni na wanke." Ya wanke kuwa, da yawa. Yakan je da auduga da farin ƙyalle a jakarsa, ya rufe ɗinkin tun daga ƙirji har wuya, ya gyara hula a kan na kai, kafin ya bar dangi su shigo. Ya ce fuska kaɗai ya kamata uwa ta tafi da ita.

Yana da amini guda, mutumin Maradi mai shagon atamfa a unguwar Château Rouge. Mu Baba Alhaji muke ce masa. Ɗaki ɗaya suka zauna a gidan 'yan ƙwadago farkon zuwansu, tukunya ɗaya, bargo ɗaya a shekarar farko in ji su. Kowace Asabar bayan azahar Kawu yana bayan shagon nan ana dafa shayi. Baba Alhaji yana ganinsa zai ce, "Ga Mushe le juge nan, mai girma alƙali, kowa ya gyara bakinsa!" Kawu ya ce, "Sarkin atamfa, yau wa ka rantse wa cewa ba ta zuba?" Da aka haifa wa Baba Alhaji ɗansa na fari, Kawu ne ya yi masa huɗuba a kunne.

Wannan ɗan ne ya tafi aiki Lyon bayan ya girma. Ni ma a lokacin ina can ina ƙarasa karatu. Yana zaune a wani gida tare da mutum biyu: wani saurayi ɗan Tasawa mai aikin gini, da wani tsoho mai gadi wanda ba ya jin Faransanci sai na gaisuwa. Wata Lahadi bayan la'asar samarin biyu suka yi cacar baki a kan taga. Ɗaya yana so a buɗe saboda hayaƙin girki, ɗaya yana cewa sanyi. A kan taga, Allah shi ne shaida. Ɗan Tasawa ya faɗi, ƙeyarsa ta bugu. Ya tashi, ya ci abinci, ya yi magariba, ya ce kansa yana ciwo, ya kwanta. Da hantsi tsohon ya je tashinsa ya tarar ya cika.

Tsohon ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. Ya rufe masa ido, ya miƙe shi, ya ɗaure masa haɓa da rawani, ya haɗa manyan yatsun ƙafarsa da zare, ya juya shi gabas, ya goge ɗan jinin da ke kan matashi, sannan ya kira mutane. Likita ta zo ta tarar da saurayi mai ƙarfi ɗaure da haɓa da ƙafa a ɗakin da aka share. Ta yi wa gurbin nan alama.

Ni na kira Kawu, ya hau jirgin ƙasa ya zo washegari. Ya tarar da jama'a sun taru suna cewa za su je su karɓo gawa da ƙarfi. Ya zaunar da su, ya yi musu jawabinsa, ya je ya yi wa 'yan sanda bayanin ɗaurin haɓa da juyawa gabas, don a lokacin tsohon suke zargi. In ban manta ba gawar ta yi kusan mako biyu kafin a sake ta. Abin da likitan shari'a ya samu shi ne jini ya taru a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, daga bugun ƙeya. Akwai kuma ɗan tabo a muƙamuƙi. Ɗan Baba Alhaji ya ce shi dafa kafaɗarsa kawai ya yi, santsin ruwan da ya zube ne ya kwashe shi. A takardar 'yan sanda, inda wani ɗalibi ya yi wa tsohon tafinta, an rubuta cewa ya ce, "il l'a touché," wato ya taɓa shi.

An fi shekara biyu kafin a shiga babbar kotu. Ba a tuhume shi da niyyar kisa ba, an tuhume shi da dukan da ya zama sanadin mutuwa. Da takarda ta zo cewa Kawu aka kira ya yi wa tsohon tafinta, Baba Alhaji har sadaka ya yi. A ɗakina suka ci abincin rana ranar da za a fara. Baba Alhaji ya ce, "Allah ya kawo namu. Yaron nan ɗanka ne." Kawu ya ce, "Ɗana ne." Bai gama abincinsa ba. Da aka buɗe zama ya miƙe ya gaya wa shugabar kotu cewa ya san uban wanda ake tuhuma shekara da shekaru, kuma ya taimaka wajen mayar da gawar gida. Ta tambayi lauyoyin ɓangarorin biyu, babu wanda ya ƙi. Ina jin ba su da wani tafintan Hausa a kusa, amma wannan zato nake yi.

Ina zaune a bencin 'yan kallo bayan Baba Alhaji. A gaba akwai alƙalai uku a tsakiya, hagu da dama kuma mutanen gari waɗanda aka fitar da sunayensu ta ƙuri'a. Ban taɓa tunanin haka suke ba. Akwai wata mata mai furfura da ke rubuta komai, akwai wani mai manyan hannuwa kamar makaniki, akwai budurwar da ba ta girme ni ba. Babu likita a cikinsu, in dai ba ɓoyewa ya yi ba, amma su aka ɗora wa faɗin abin da ya kashe mutum.

Likitan shari'a ya yi bayani da hotuna. Ya ce ya tabbata bugun ƙeya ne ya kashe shi. Ya ce tabon muƙamuƙi yana da rai aka yi shi, ba ɗaurin rawani ba ne. Amma ko naushi ne, ko bakin tebur ya buga yana faɗuwa, ya ce ba zai iya rantsuwa ba. Lauyoyi suka juya shi ta kowane gefe, ya tsaya a kan haka. Matar nan mai furfura ta nemi izini ta tambaya ko da an kai shi asibiti da yammar nan zai rayu. Likitan ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai. Kawu ya fassara wa tsohon wannan a kunne, na ga kafaɗun tsohon sun sauka.

Ya rage ke nan babu wanda ya ga abin da ya faru sai tsohon. Aka kira shi gaba, Kawu yana tsaye a gefensa. Shugabar ta ce ya faɗi abin da wanda ake tuhuma ya yi kafin mamacin ya faɗi. Tsohon ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar taga, ya yi maganar sanyi, ya ce dukansu 'ya'yansa ne. Ta sake tambaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ya dai taɓa shi."

Kawu bai fassara nan take ba. Duk Bahaushen da ke ɗakin ya san abin da ke cikin maganar nan. Mukan ce an taɓa mutum idan an dafa shi. Mukan kuma ce an taɓa shi idan an ba shi kashi, musamman idan mai faɗa yana jin nauyin wanda ya yi dukan. Da Kawu ya ce "touché" babu wanda zai ce ya yi ƙarya, ga ta nan ma a rubuce a takardar 'yan sanda.

Abin da ya faɗa da Faransanci, gwargwadon yadda na riƙe, shi ne: "Madame la présidente, kalmar da shaida ya yi amfani da ita tana ɗaukar dafawa, tana kuma ɗaukar duka. A yadda ya faɗe ta ba zan iya zaɓar masa ɗaya ba. Ina roƙon kotu ta ce ya nuna."

Lauyan ɗan Baba Alhaji ya miƙe yana magana, shugabar ta zaunar da shi. Ta ce shaida ya nuna. Kawu ya juya ya ce, "Baba, an ce ka gwada da hannunka yadda aka yi." Tsohon ya waiwayo ya dubi Baba Alhaji. Ya dubi Kawu ya ce, "Malam, sai na gwada?" Kawu ya fassara wannan ma, sannan ya ce masa, "Ka rantse, Baba." Tsohon ya ɗaga hannun dama, ya dunƙule shi, ya kai shi muƙamuƙinsa a hankali. Hawaye yana bin gemunsa.

Washegari suka shiga ɗakin shawara su da alƙalai, suka daɗe. Kamar yadda na fahimta, tambayoyi ake rubuta musu, kowa ya amsa a ɓoye a 'yar takarda. Ya doke shi da gangan? Dukan ne ya jawo mutuwar? Duka biyun aka ce e. Aka yanke masa shekaru a gidan kaso.

A matakalar kotu Baba Alhaji ya tsaya a gaban Kawu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kalma guda. Tsohon ya rufa mana asiri, kai ka buɗe. Wa ya tambaye ka?" Kawu ya ce, "Da na zaɓa, ni na yanke shari'ar, ba su ba. Kuma yaron Tasawa ma yana da uwa." Baba Alhaji ya ce, "Uwarsa ta ba ka bargo a shekarar da ka zo?" Ya juya ya tafi.

A jirgin komawa Paris na raka shi. Da muka wuce rabin hanya na ce masa, "Kawu, da ka bar ta yadda take a takarda, ai ba ƙarya ba ce." Ya dube ni ya ce, "Na ji abin da yake nufi. Kai ma ka ji. Wanda ya ji ya yi kamar bai ji ba, me sunan abin da ya yi?" Can ya ce, kamar da kansa yake, "Ni na yi masa huɗuba."

Shekarun da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. An rage kiransa ɗaurin aure da suna. Samari suka laƙaba masa "Malam Touché-Frappé", wato Malam Taɓa-Duka, suna faɗa idan ya ba da baya, wani lokaci ma kafin ya ba da bayan. Na sha jin ana cewa ya sayar da ɗan amininsa don Turawa su yaba masa, kuma na sha yin shiru. Idan aka yi mutuwa a ɗaki kuwa, shi dai ake kira, ya kuma je. Kowace Asabar yana sauka a Château Rouge, ya tsaya a ƙofar shagon atamfa ya yi sallama. Baba Alhaji yakan amsa, don amsa sallama wajibi ne, amma ba ya ɗago kai daga awon yadi. Kawu ya ɗan tsaya, ya wuce ya sayi tattasai da kuɓewar Hajiya ya koma gida. Hajiya ta ce mini bai fasa ba sai da ƙafa ta hana shi. Ita ce kuma ta ba ni labarin cewa ya yi wa mahaifiyar ɗan Tasawa kaset, ya faɗa mata yadda ɗanta ya rasu tun daga taga har hukunci, don ta daina jin labari iri-iri. Ya nemi izinin ziyartar ɗan Baba Alhaji a gidan kaso, yaron ya ƙi sau biyu, na uku ya yarda. Abin da suka tattauna ban sani ba.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. A asibiti ma bai bar ba'a ba. Ya ce wa 'yarsa, "Kin ga na kyauta muku, a gaban likita zan mutu. Babu gurbin da za a yi wa alama." Ta ce, "Arrête, Baba, ka bari," ta fita tana kuka. Da muka rage mu biyu ya ce in matso. Ya ce, "Ka je wurin Alhaji. Ka ce ina roƙonsa ya yafe mini baƙin cikin da na sa shi, shi da matarsa. Kalmar kuwa, da za a sake tsayar da ni, abin da na faɗa zan sake faɗa. Ka gaya masa duka biyun. Kada ka rage."

Na hau metiro ina maimaita saƙon. Kafin in sauka na riga na tsorata. Na ga idan na faɗi rabi na biyu ba zai zo ba, Kawu zai tafi bai ga fuskarsa ba. Na shiga shagon, na gaishe shi, na faɗi rabin farko na yi shiru. Baba Alhaji ya ajiye almakashi ya ce, "Ya amsa cewa ya yi kuskure ke nan?" Na ce, "E, Baba."

Ya rufe shago a take. Muka isa asibiti Kawu ya riga ya daina gane mutane. Baba Alhaji ya riƙe hannunsa yana cewa, "Mushe le juge, ga ni, tashi mana." Da safe ya cika. A maƙabarta, da liman ya ce wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe, Baba Alhaji ya fito gaban jama'a ya ce, "Ku shaida, ya aiko mini ya amsa kuskurensa, ni kuma na yafe masa duniya da lahira." Daga nan maganar ta bazu.

Na yi wata da watanni ina ce wa kaina alheri na yi. Wataƙila akwai alheri a ciki, ban sani ba. Amma mutumin da ya yarda ya rasa amininsa don kada ya sa wa tsoho magana a baki, ni na sa masa magana a baki yana kan gadon mutuwa. Kuma duk wanda ya ce ya amsa kuskure, yana cewa ne abin da ya yi a kotun nan kuskure ne.

Kafin in ba da rubutun nan a karanta, na ga bai dace Baba Alhaji ya ji daga takarda ba. Na je shagon a makon jiya bayan azahar. Ya tsufa ƙwarai, ɗan nasa ne yanzu yake awo, ya fito tun tuni, yana da mata da 'ya'ya. Na roƙi mu koma baya. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da na yi. Ya daɗe yana kallon butar shayi. Sannan ya ce, "Faɗa mini yadda ya faɗa. Duka."

Na faɗa, ban rage ko kalma ba.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Wagga ita ce maganarshi. Waccan da ka kawo, tun a ranar ban ji muryarshi cikinta ba. Amma ina son in je, sai na karɓa." Ya share ido da bakin hularsa. Na ce, "To Baba, yafiyar fa? Tana nan?"

Ya ce, "Baƙin cikin na yafe, shi ya roƙa. Kalmar bai roƙa ba, ni ma ban yafe ba. Ka bar mu da ita, in na isa can mu ƙarasa."

Na ce ko in cire wannan daga rubutun. Ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada kuma in kuskura in gyara masa.

Abin da na sani ke nan. Akwai waɗanda suka zauna a kotun nan tare da ni, akwai waɗanda suka san Kawu tun zamanin Rungis, akwai iyalan da ya tsaya wa waɗanda ban taɓa jin labarinsu ba. Duk wanda ya ga na kauce a wani wuri, ko na sa magana a bakin da ba nata ba, ko na manta abin da bai kamata a manta ba, ina roƙonsa ya aiko mini ta hannun Hajiya ko 'yarta, zan gyara in kuma faɗi cewa gyara ne. Allah ya ji ƙan Kawu, ya ji ƙan ɗan Tasawa, ya sa mu cika da imani.